Kari, Amsa-amo da Maimaici a Waƙar Mai Neman Gyaran Kansa

Godiya ta tabbata ga Allah Mai karɓar tuba. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa da duk wanda ya bi sawunsu har zuwa ranar sakamako. 

Darasinmu na wannan karo a kan wata gajeruwar waƙa yake, ta harshen Ingilishi, mai ɗango 14, wadda wani mawaƙin Ingila ya rubuta sama da shekara 400 da suka wuce. Mutumin Kirista ne, kuma tun a ɗangon farko ya kira Ubangiji da aƙidarsu ta uku cikin ɗaya, abin da muka barranta daga gare shi, domin Allah ɗaya ne ba Shi da abokin tarayya. To me ya kawo waƙarsa wannan zaure? Dalili biyu ne. Na farko, ciwon da yake kuka da shi babu wanda bai san shi ba a cikinmu: mutum ya san laifinsa, yana ƙin sa, ya ɗauki alkawarin bari, kafin mako ya zagayo ya koma. Na biyu, yadda ya gina waƙar. Mu mutanen ƙasida ne, muna rera ta a zawiya da wajen Mauludi, amma ba kasafai muke tsayawa mu tambayi aikin da kari da ƙafiya suke yi wa ma'ana ba. Wanda ya ga yadda aka gina gidan baƙo, in ya dawo nasa zai lura da ginshiƙan da kullum yake wucewa bai gani ba.

Zan bayyana abin da kowane sashe na waƙar yake faɗa da yadda aka auna shi, ba tare da kawo lafazinta ba. Mai karanta Ingilishi zai same ta cikin sauƙi: ita ce ta 14 a jerin waƙoƙin ibada guda 19 na John Donne.

Wane ne mawaƙin?

An haifi John Donne, wanda ake furta sunansa kamar Jon Dan, a birnin Landan a 1572, cikin gidan ƴan Katolika, a zamanin da hukumar Ingila take tsananta musu. Ƙanensa Henry ya mutu a kurkuku a 1593, bayan an kama shi da laifin ɓoye wani limamin Katolika. Shi kuwa Donne ya yi samartaka ta ƴan birni, ya yi suna da waƙoƙin soyayya, daga baya ya bar Katolika ya koma cocin Ingila. A 1601 ya auri Anne More a ɓoye ba da yardar mahaifinta ba. Wannan aure ya jawo masa ɗauri na ɗan lokaci da rasa aikinsa, ya shafe shekaru cikin talauci ga ƴaƴa suna ƙaruwa. Masana suna ganin a cikin waɗannan shekarun ƙunci, wajen 1609 zuwa 1610, ya rubuta mafi yawan waƙoƙinsa na ibada. An naɗa shi limamin coci a 1615, ya zama shugaban limaman babbar majami'ar Sen Pol ta Landan a 1621, ya mutu a 1631. Sai a 1633 aka fara buga tarin waƙoƙinsa. Ke nan mai magana a wannan waƙa mutum ne da ya ɗanɗani duniya, ya sha ɗacinta, ya tsaya tsakanin abin da ya saba da abin da yake so ya zama.

Mene ne sonet?

Sonet wani zubi ne na waƙa mai ɗango 14, ba ƙari ba ragi. An ƙirƙiro shi a tsibirin Sisili na Italiya a ƙarni na 13, a fadar Sarki Firederik na Biyu. Petrarka, wanda ya rayu daga 1304 zuwa 1374, shi ya ɗaukaka shi, ya bar sonet 317 a diwaninsa. A ƙarni na 16 zubin ya shiga Faransa da Ingila. Waɗanda suka yi lise a cikinmu sun haɗu da shi a waƙoƙin Ronsard da Du Bellay.

A zubin Italiya ana raba waƙar gida biyu: ɗango 8 na farko suna shimfiɗa matsala, 6 na ƙarshe suna juya ta. Wurin juyawar, wato ɗango na 9, shi ne ƙugun waƙar. A zubin Ingila kuwa, wanda Shekspiya ya shahara da shi, ana jera baiti uku masu ɗango hurhuɗu, sannan a rufe da ɗango biyu masu amsa-amo ɗaya. Donne ya haɗa biyun: ya fara da zubin Italiya, ya rufe da tagwayen ɗango irin na Ingila.

Abin lura shi ne ƙuncin wurin. Ƙasidarmu tana iya kai baiti ɗari ko fiye, mawaƙi ya yi yabo, ya yi wa'azi, ya yi roƙo, ya huta ya ci gaba. Mai sonet ba shi da wannan fili. An ba shi ɗaki ƙarami an ce ya shigar da duk kayansa.

Abin da waƙar take faɗa

Hoto uku ne a jere. A ɗango na 1 zuwa na 4 mawaƙin ya mai da kansa kamar ƙarfe a maƙera. Yana cewa lallashi bai yi masa aiki ba. Ana ƙwanƙwasa masa, ana hura masa, ana haska shi, ana neman a yi masa faci, amma shi abin da yake roƙo a kayar da shi domin ya miƙe, a karya shi, a zuga masa wuta, a ƙona shi a sake shi sabo. Duk wanda ya tsaya wajen masu zubin tukwane ya san bambancin. Akwai tukunyar da liƙi yake isar ta, akwai wadda ta huje ta ko'ina, sai dai a narkar da ita a sake zubawa.

A ɗango na 5 zuwa na 8 ya zama gari wanda maƙiyi ya ci da yaƙi alhali na wani sarki ne. Yana fama ya buɗe wa mai garin ƙofa, ya kasa. Hankali, wanda aka ajiye a matsayin wakilin sarki domin ya tsare garin, shi ma an kama shi, ya zama ko dai rarrauna ko maci amana. Wannan hoto ba baƙo ba ne a wurinmu. Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya kwatanta jiki da gari, zuciya da sarki, hankali da waziri, ya nuna yadda mulki yake lalacewa in sha'awa ta rinjayi waziri.

A ɗango na 9 zuwa na 14 hoton ya koma na aure. Rai yana son Ubangijinsa, amma an riga an yi masa baiko da maƙiyin Ubangijin. Sai ya roƙi a raba wannan alkawari, a kwance ƙullin ko a tsinke shi, a ɗauke shi a tsare. Ya rufe da magana biyu masu kama da tufka da warwara: ba zai sami ƴanci ba sai an bautar da shi, ba zai tsarkaka ba sai an fizge shi da ƙarfi.

Kari: tafiya da tuntuɓe

Kafin mu shiga karin wannan waƙa, mu tuna cewa harsuna ba ma'auni ɗaya suke amfani da shi ba. Larabci da rubutacciyar waƙar Hausa suna auna nauyin gaɓa, wato doguwa da gajeruwa. Shi ne ilimin aruli da Halilu ɗan Ahmadu na Basra ya tsara a ƙarni na 8, mai karuruwa 16 in an haɗa da wanda aka ƙara bayansa. Faransanci ƙirga gaɓoɓi yake yi, shahararren ɗangonsa mai gaɓa 12 ne. Ingilishi kuwa yana duba inda murya take dannawa da inda take sassautawa.

Karin sonet na Ingilishi ƙafa 5 ne, kowace ƙafa gaɓa 2, ta farko sassauƙa ta biyu dannanniya, jimla gaɓa 10. In kana son ka ji shi a bakinka, faɗi kalmar “gida” sau biyar a jere kana ɗan jan gaɓar ƙarshe. Tafiya ce ta mai natsuwa, taki bayan taki. In aka juya ƙafar, aka fara da dannawa aka bi da sassauci, sai ta yi kama da yadda muke kiran “Audu”.

To Donne da wannan juyayyar ƙafa ya buɗe waƙarsa. Kalmar farko tana nufin duka mai tsanani, irin wanda ake yi wa ƙofar gari da gungume ko ƙarfe da masaba, kuma nauyinta a gaɓar farko yake. Kafin mai karatu ya daidaita numfashi, dukan ya riga ya sauka.

Sai ɗango na 2 da na 4. A ƙa'ida bai kamata gaɓoɓi masu dannawa su yi maƙwabtaka ba, ana son sassauƙa ta raba su. Amma a ɗango na 2 ya jera aikatau uku masu gaɓa ɗaiɗai, duka dannannu, a gurbi na 4 da na 5 da na 6. A ɗango na 4 ya sake jera wasu uku a waɗannan gurabu ba kuskure. Ba ka iya karanta su da gudu, tilas ka tsaya a kan kowace, kamar saukar masaba sau uku a kan uwar maƙera. Bayan dukan uku, a ɗangogin biyu duka, gaɓoɓi huɗu na ƙarshe sukan koma tafiyarsu ta lafiya.

Akwai kuma cunkoso. In ka ƙirga gaɓoɓi ɗaya bayan ɗaya, ɗango 7 cikin 14 sun haura 10, su ne na 3, 5, 6, 7, 9, 11 da 13. A mafi yawansu, kafin ɗangon ya zauna a ma'auni sai mai karatu ya haɗiye wani wasali cikin na gaba da shi, kusan yadda alifin wasali yake faɗuwa a tsakiyar karatun Larabci. A ɗangon da yake cewa yana fama ya buɗe ƙofa amma a banza, harshen mai karatu ma fama yake yi, yana tuntuɓe, ga kuma wani ɗan nishi da aka dasa a tsakiya. Ben Jonson, mawaƙi kuma abokin zamaninsa, ya taɓa cewa Donne ya cancanci rataya saboda rashin kiyaye kari. Amma wanda ya iya ajiye duka uku a gurbi ɗaya har sau biyu ya san ƙirga sarai. Da gangan yake karkacewa, kuma kamar yadda ake yin zihafi a aruli, duk karkacewar da ya yi tana cikin abin da ma'auni zai iya ɗauka.

Yanzu mu nemi inda tafiyar ta fi santsi. A kunnena wuri biyu ne. Ɗango na 10, inda ya ce an yi masa baiko da maƙiyi, yana tafiya sumul, gaɓa 10 ba gargada. Sai ɗango na 14, inda ya miƙa wuya gaba ɗaya, shi ma sumul. Gargadar tana wasu ɗangogin ne. Ashe natsuwa iri biyu ce: akwai ta wanda ya saki jiki a hannun son zuciyarsa, akwai ta wanda ya sallama wa Ubangijinsa. Daga waje suna kama, don duka biyun babu kokawa a cikinsu. Mai tuntuɓe shi ne wanda ya baro ta farko bai kai ga ta biyu ba. Saboda haka ɗan'uwan da yake jin ibadarsa tana yi masa nauyi, zuciyarsa tana zargin sa dare da rana, kada ya ɗauka ya fi kowa lalacewa. Wannan ita ce rai mai yawan zargi da aka ambata a farkon Suratul Ƙiyama, wadda malamai suke sanyawa tsakanin mai umurni da mummuna ta Suratu Yusuf da natsattsiya ta ƙarshen Suratul Fajri.

Amsa-amo: daga “Kai” zuwa “ni”

A ƙasidar Larabci ƙafiya ɗaya ce daga farko har ƙarshe. Burda ta Imamu Busiri, wadda ita ma a ƙarni na 13 aka yi ta, tana kan karin Basiɗ, kuma baitocinta wajen 160 duk da harafin mimi suke ƙarewa. Kunne ya san inda zai sauka kowane lokaci, shi ya sa jama'a take iya amsawa tare. Sonet kuwa sauya amsa-amo yake yi, kuma sauyin kansa magana ne.

A ɗango 8 na farko sauti biyu kaɗai Donne ya yi amfani da su, a tsarin a-b-b-a, a-b-b-a. Sautin farko yana buɗewa, na biyu ya zo sau biyu, na farko ya dawo ya rufe. Zobe ne, ko ka ce ganuwa. Mutumin da yake cewa shi gari ne da aka kewaye, ga shi amsa-amonsa ma kewayayye ne.

Sautin da yake waje, mai yin ganuwar, shi ne “yu”, wato kalmarsu ta “Kai”. Da ita ɗangon farko ya ƙare. Kalmomin da suka amsa mata su ne mai nufin “sabo”, da mai nufin “haƙƙin wani”, da mai nufin “marar amana”. Dubi gangarowar: Kai, sabo, na wani, marar amana. An fara da buri an ƙare da gaskiyar hali. Sautin da yake ciki kuwa ya haɗa kalmomin gyara da tanƙwarawa da tsarewa, kuma dukansu suna ɗauke da kalmar Ingilishi ta “ƙarshe” a wutsiyarsu. A ɗango na 6 sai kalmar ta fito ita kaɗai tsirara, daidai inda yake cewa ƙoƙarinsa bai kai ko'ina ba.

A ɗango na 9 kiɗa ya sauya, rawa ma ta sauya. Ɗangon ya buɗe da kalma mai ma'anar “duk da haka”, ya ambaci so a karo na farko, amsa-amo kuma ya bar zobe ya koma saɓa-saɓa, c-d-c-d. Ganuwar ta tsage.

Abin da ya fi ɗaukar hankali yana ƙarshe. Kalmar Ingilishi ta “maƙiyi”, wadda ta rufe ɗango na 10, da sautin “mi” take ƙarewa, kuma “mi” ita ce kalmarsu ta “ni”. A ɗango na 12 an amsa mata da ɗaya kalmar tasu ta “ni”, wadda ake amfani da ita in mutum shi ne mai aikatawa. Ɗango na 13 ya ƙare da kalmar ƴanci, na 14 ya ƙare da “mi” ɗin kanta. Ke nan maƙiyi da ni da ƴanci da ni suna ɗaure a igiya ɗaya, har masu nazari suka rabu: wasu suna ƙirga ɗango biyun ƙarshe a matsayin sabon amsa-amo, wasu suna ganin ci gaban na “maƙiyi” ne. Mawaƙin bai ce ni ne maƙiyin kaina ba. Ya bar amsa-amo ya faɗa masa. Mu kuwa shehunanmu sun daɗe suna faɗa mana ƙarara cewa babban abokin gaba yana cikin riga.

Maimaici: wa yake aiki, wa ake yi wa?

Maimaici na farko mun riga mun taɓa shi, wato jerin sarƙen ɗango na 2 da na 4. Kowane aikatau na sama yana da takwaransa a ƙasa wanda ya fi shi zafi: ƙwanƙwasawa ta zama karyawa, hurawa ta zama zugawa, haskawa ta zama ƙonawa, faci ya zama sabuntawa. Ukun na ƙasa duk da harafin “b” suke farawa, kamar kalmar dukan da ta buɗe waƙar, abin da masu nazarin waƙarmu suke kira karangiya. Leɓɓa suna haɗuwa suna fashewa, kunne yana jin bugun.

Na biyu shi ne “amma”. Sau uku mawaƙin yake fara maganar alheri, sau uku “amma” take kayar da ita. Ina ƙoƙarin buɗe ƙofa, amma. Hankali ya kamata ya tsare ni, amma. Ina son Ka, amma. Suna ɗango na 6 da na 8 da na 10, wato duk bayan ɗango ɗaya sai ta dawo. Babu wanda ya taɓa ƙudurta barin wani hali da bai san wannan “amma” ba.

Na uku tsarin roƙo ne. Akwai aikatau 8 da suka zo a sigar umurni, wadda malaman balaga suka koya mana cewa in ta fito daga ƙasa zuwa sama sunanta addu'a. Uku suna baitin farko. Daga ɗango na 5 zuwa na 10 babu ko ɗaya, sai bayanin hali kawai. Sannan biyar suka zubo a ɗango biyu, na 11 da na 12. Sai da ya gama duban kansa ya ga babu mafita, sannan roƙon ya ɓalle kamar ruwan da aka tare.

Na huɗu, kuma mafi girma, wakilan suna ne. Ingilishi yana da kalma dabam ta “ni” in ni ne fa'ili, da wata dabam in ni ne maf'uli. Ta fa'ili ta zo sau 4, ta maf'uli sau 9, ta mallaka sau 1, jimla 14, adadin ɗangogin waƙar. Kalmomin “Kai” da “naKa” kuwa sau 9 suka zo. Mu bi sawun huɗun nan na fa'ili. Ta farko fata ce, yana so ya miƙe. Ta biyu ƙoƙari ne da ya tashi a banza. Ta huɗu furucin gazawa ne. Ta uku kaɗai ce ta tsaya da ƙafarta, ita ce inda ya ce yana so. Duk abin da “ni” ta iya aikatawa a waƙar nan so ne, sauran kuwa sai dai a yi mata. A ɗango na 7 ma kalmar “ni” ta zo sau biyu a manne, ɗaya tana bin ɗaya, daidai tsakiyar waƙar, kamar mutum ya ci karo da kansa a ƙofa.

Maimaici na ƙarshe shi ne kalmar togiya, mai ma'anar “sai in Kai”, wadda ta zo a ɗango biyun rufewa. A na 13 tana farko, a na 14 tana tsakiya, an gicciya su kamar ƙulli. Korewa sannan togewa: babu, sai. Kunnen mai hailala ya san ƙarfin wannan gini, ko da yake abin da muke tabbatarwa da shi ya sha bamban da nasa.

Inda muka rabu da shi

Ban da aƙida, wadda muka faɗa tun farko, akwai wurare uku da muridi zai yi hattara.

Na ɗaya ladabi ne. Mawaƙin yana magana kamar tausasawar Ubangiji ce ta gaza. Bawa ba ya faɗin haka. In an ƙwanƙwasa ba a buɗe ba, laifin na mai ɗaki ne. Haka nan hoton da ya rufe da shi: kalmar tana da fuska biyu a harshensu, tana nufin fizge zuciya da tsananin farin ciki, tana kuma nufin ƙwace mace da ƙarfi. Fuska ta biyu ba ta dace da girman Ubangiji ba, harshen Musulmi ba ya zuwa nan.

Na biyu roƙon tsanani ne. An koya mana mu roƙi lafiya da rangwame. Imamu Muslim ya ruwaito daga Anas labarin wani mutum da ya roƙi a gaggauto masa uƙubarsa tun a duniya, ya kwanta ciwo har ya rame ya koma kamar ɗan tsako. Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya je duba shi, ya nuna masa cewa ba zai iya ɗaukar abin da ya roƙa ba, ya shiryar da shi ga roƙon alherin duniya da lahira, ya yi masa addu'a ya warke. Narkar da tukunya aikin mai zubi ne, shi ya san wutar da za ta iya ɗauka.

Na uku shi ne mafi haɗari ga matasa irinmu. Mutum yana iya karanta irin wannan waƙa ya ce to ni ma jira nake a fizge ni, ya naɗe hannu. Gaskiya ne akwai majzubi wanda aka jawo ba da wahalarsa ba, kuma gaskiya ne a ƙissar mutum ukun nan da suka ƙi fita yaƙin Tabuka, aya ta 118 ta Suratut Tauba ta gabatar da juyowar Allah gare su a kan tubarsu. Amma mutanen nan uku ba barci suka yi ba, sun faɗi gaskiya a kan kansu, sun jure ƙauracewar kwana 50. Sharuɗɗan tuba kuma suna nan yadda malamai suka jera su: nadama, da dainawa nan take, da ƙudurin rashin komawa, da mayar da haƙƙi ga mai shi.

Abin da muridi zai ɗauka

A nan ne ginin waƙar ya fi bakin mawaƙin hikima. Bakinsa yana cewa ba na iya kome. Hannunsa kuwa yana ƙirga gaɓa, yana ajiye duka uku a gurbinsu, yana nemo kalma huɗu masu sauti ɗaya, yana tsayawa cak a ɗango na 14 ko da sauran magana a cikinsa. Ya roƙi a ɗaure shi domin ya sami ƴanci, alhali tun kafin ya roƙa ya riga ya shigar da kansa cikin ɗaurin ma'auni, kuma wannan ɗaurin ne ya ba kukansa ƙarfin da ya kai shekara 400 ana jin sa. Da ya zubo shi barkatai da ya bi iska.

Haka wuridi yake. An ƙayyade masa lokaci, an ƙayyade masa adadi, lafazinsa ɗaya ne jiya da yau. Ran da zuciya take halarce da ran da take yawo, adadin bai canza ba. Wani ɗan'uwa zai ce: ina jan istigfari ɗari safe da yamma, ga shi halina yana nan, anya ba wasa nake yi ba? Amsar tana cikin abin da muka gani. Ɗangon da ya yi tuntuɓe bai fita daga waƙa ba matuƙar ya dawo kan ƙafa kafin ya ƙare. Wanda ya fita shi ne wanda ya yar da ma'aunin. Maimaici kuma ba ya zama banza don lafazi bai canza ba: “ni” ta farkon waƙar nan mai neman miƙewa ce da ƙarfinta, “ni” ta ƙarshe kuwa ta zama abin ɗauka. Lafazin yana nan, mai faɗin ne ake sassaƙawa.

Saboda haka, ya ɗan'uwa, riƙe ƙirgarka, ka bar buɗi ga Mai buɗi. Ka kai ciwonka ga wanda aka ba izinin tarbiyya, kada ka rubuta wa kanka magani. In “amma” ta kayar da kai sau uku, tashi ka sake sau huɗu. Sannan in an tashi ƙasida a zawiya ranar Juma'a, ka saurara da sabon kunne: ina mawaƙi ya sassauta, ina ya danna, wace kalma ya ajiye a ƙafiya, wace ce yake ta dawowa gare ta? Magabatanmu ba su ajiye ko ɗaya a banza ba.

Allah Ya sa mu cikin masu yawan tuba, Ya gyara mu da tausasawarSa, kada Ya bar mu da kawunanmu ko da ƙiftawar ido. Ya ƙara wa shehunanmu daraja, Ya jiƙan iyayenmu da malamanmu, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Tsira da aminci su tabbata ga Shugaban halitta da alayensa da sahabbansa baki ɗaya. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.